Kafar Bangon Zarami

Babagana magini ne, irin maginan nan da ba sa iya ganin rami su wuce. Ko gidan suna ya je, in ya hango tsaga a bango, shinkafar ba za ta yi masa daɗi ba sai ya ja mai gida ya nuna masa. A unguwarsu ta Dogo Tebo da ke Potiskum kaf ba wanda ya kai shi iya filasta. In ya shafe bango, sai ka rantse lashe shi ya yi. Wannan halin nasa shi ya ja masa abin da ya same shi, kuma wallahi ba da mugun nufi ya yi ba. So yake uwarsa ta rayu, iyakar laifinsa ke nan.

Inna Hawwa ta daɗe tana fama da ciwon ƙirji. An yi na asibiti, an yi na gida, an kai ta Damaturu an dawo da ita, har wata rana likita ya ja Babagana gefe ya ce a koma da ita gida a ci gaba da addu'a. Kowa ya san abin da wannan maganar take nufi, ban da Babagana, wanda ya ƙi ya sani. Ita kuwa tsohuwa da ta ji an ambaci gida, sai ta ce ba Dogo Tebo ba. Gidan ubanta za a kai ta, gidan dutse na gona, can bayan Danchuwa.

"Inna, can fa ba wuta, ba famfo, ba kemis a kusa," in ji Babagana.

"Ni na ce maka wuta nake nema?"

Magana ta ƙare. Suka ɗauki shatar keke, aka ɗaura katifa a sama, matarsa Munawwara ta rungume tsohuwa a baya, shi kuma ya raɓa kusa da direba da jakar kayan aikinsa a kan cinya. Tsakiyar damina ce, gero ya yi tsawo har ya fi mutum, keke na kutsawa ganye na dukan su a fuska.

Gidan nan Zarami ne ya gina shi, mahaifin Inna Hawwa, wanda Babagana ya ci sunansa, Babagana ɗin alkunya ce. Tun ba a haife ta ba ya fara. A ƙasar da kowa yake gini da laka da kara, shi sai ya kafe sai da dutse. Da jakuna ya yi ta jigilar jan dutse daga tudu, ya zauna ya sassaƙe kowane ɗaya da hannunsa, ya jera su ba ko cokali guda na siminti, sai jar ƙasa da toka da makuba ta ɓawon ɗorawa. Kaurin bangon ya isa yaro ya kwanta a kai ya miƙe ƙafa. Ƙofar zaure gajera ce, ko hakimi ne kai sai ka sunkuya. Daga zaure sai babban ɗaki, wanda baka biyu na dutse suka gitta a samansa suka ɗauki azarar rufi. Tagogi ta waje sirara kamar bakin asusu, ta ciki kuma su buɗe su baza haske. Har indararo na dutse ne, har rumbun da ke maƙale a kusurwa. Shi ya sa gwamnati ta kafa allo a ƙofar gida, ta sa shi cikin gine-ginen tarihi, ta ce kada a rushe, kada a ƙara, kada a rage.

Babagana ya sha zuwa gidan yana yaro, kuma ko yanzu da ya zama magini yana sara wa kakansa. Abu ɗaya ne kawai yake ci masa rai. A bangon gabas na babban ɗaki, ƙasa-ƙasa, bai fi taƙi ɗaya daga daɓe ba, akwai wata kafa da ta huda bango har waje, faɗinta kamar bakin ƙaramar ƙwarya. Mutumin da ya iya ɗaura baka ba siminti, a ce ya manta rami? Abin bai taɓa shiga kansa ba.

Suna shiga kuwa Inna ta nuna wurin da haɓa.

"Nan za ku shimfiɗa min. Kaina wajen kafar."

"Inna, iska fa."

"Nan aka kwantar da uwata. Nan Baba ya kwanta. Shimfiɗa."

Aka shimfiɗa. Iska kuwa tana shigowa ta kafar nan siririya, mai sanyi, ba ta ɗaukewa ko kaɗan. Tsohuwa ta miƙa hannunta na dama ta ɗora a bakin kafar kamar mai dafa kafaɗar ƙawa, ta lumshe ido. Sai tari. Tari irin wanda yake ɗaga mutum daga katifa ya mayar. Duk sanda ta yi, Babagana sai ya ji kamar a haƙarƙarinsa ake sara. Ya toshe wurin da tsumma, ta zare. Ya kara buhu, ta ture.

Ran da ya ga jini a bakin zanenta, haƙurinsa ya ƙare. Ya bari sai da hantsi ya yi barci ya ɗauke ta, ya janye hannunta a hankali, ya ɗauko ragowar simintin da ba ya rabuwa da shi, ya kwaɓa a kwanon sarki.

Munawwara ta biyo shi tana magana ƙasa-ƙasa. "Baban Bilkisu, allon nan fa ya ce kada a taɓa komai."

"Allo ne ya haife ni?"

Ya cusa tsakuwa a kafar, ya ɗura siminti mai ƙarfi, wanda bai yi wa rowa ba. Ya shafe ta ciki, ya zagaya ya shafe ta waje, ya bi da cokalin gini har wurin ya yi santsi kamar faranti. Ya ja da baya ya duba aikinsa, ransa ya yi fari.

Tari ya tsaya. Tsayawa ta gaske, kamar an kashe inji. Babagana ya yi ta hamdala, ya kira 'yan'uwa a waya yana cewa jiki ya yi sauƙi, a zo a gani. Inna ta farka, ta miƙa hannu inda ta saba, ta ji siminti. Ta juyo ta dube shi. Ba ta yi faɗa ba, ba ta ce uffan ba, kuma daga wannan rana ba ta sake rufe ido ba.

Abin da sannu ya fara. Munawwara ce ta fara lura, don ita ce mai zaman ɗakin. Ta zuba turaren wuta a kasko, hayaƙin ya tashi ya kai daidai ƙirjin mutum, ya tsaya nan ya shimfiɗu, ba ya hawa ba ya sauka. Ta shiga da safe ta same shi, ta shiga da yamma ta same shi. Ta sayi madara wurin wata Bafulatana ta rufe a ƙwarya don ta kwana ta zama kindirmo, madara ta ƙi. Ta kwana, ta sake kwana, tana nan yadda aka tatso ta. Tsuntsayen tsattsewa da suka yi sheƙa a jikin baka suka riƙa zuwa bakin taga suna shawagi suna komawa. Duwatsun bango suka fara gumi, ruwa na tsattsafowa yana gangarowa ja-ja. Masu zuwa dubiya kuwa su shigo da fara'a, su ce kai, Inna ta ji sauƙi, amma ba mai iya zaman shan shayi. Sai ka ga mutum ya miƙe yana hamma yana jan numfashi, ya ce akwai inda zai biya.

Inna ba ta ci, ba ta sha sai ɗigon da aka ɗiga mata, ba ta barci. Ba ta ƙara ramewa ba, ba ta kuma murmure ba. Idonta biyu a buɗe suna kallon baka. Numfashinta ya shiga, ya daɗe, ya daɗe, har Munawwara ta dafe ƙirji, sannan ya fito.

Ga kuma wani ƙaras-ƙaras da yake tashi daga bangon gabas da rana tsaka, lokacin da gona ta yi tsit. Babagana yana zaure yakan ji shi. In ya leƙa ɗaki sai ya ɗauke. Ya ce ɓeraye ne suke neman tsohuwar hanyarsu, su ci kansu.

Wata rana ya sayo kaza a ƙauye, ya ce a yi wa Inna farfesu ko romon ta kurɓa. Ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, don haka bai fita ba, ya durƙusa a bakin ƙofar babban ɗaki ta ciki, ya fuskanci gabas, ya yi bisimilla ya yanka. Wuƙar da kaifi, yankan ya yi kyau. Ya saki kaza ta yi fuffukarta ta gama.

Ba ta gama ba. Jini ya zuba har ya ƙare, tana fuffuka. Munawwara ta ɗora ruwan figa, ruwa ya tafasa, tana fuffuka. Can sai ta yunƙura ta tsaya da ƙafafunta, kai na reto a gefe, ta fara takawa a hankali, ta bi gindin bango, ta wuce ƙafafun Inna, ta je daidai inda aka shafe da siminti ta tsaya.

"Innalillahi! Baban Bilkisu!" Munawwara ta saki murfin tukunya.

Ya je ya suri kazar, ya sunkuya ta zaure ya fita cikin ruwa. Ƙafarsa na tsallake dokin ƙofa, kazar ta yi laƙwas a hannunsa, ta mutu kamar kowace kaza. Ya tsaya ruwa na dukansa. Da ya waiwaya, Munawwara na bakin zaure tana kallonsa, ta ce ita kam ba za ta dafa wannan ba, ko ita kanta za a yanka.

Daga nan Babagana ya sani. Kada wani ya ce bai gane ba, ya gane sarai: muddin kafar nan tana toshe, ba abin da zai ƙarasa a ɗakin nan, ko madara, ko kaza, ko uwarsa. Kuma me ya yi? Washegari ya sake kwaɓa siminti ya ƙara shafe ta waje, ya ninka kaurinsa. Mai zaginsa ya zage shi, amma mai zagin ya fara tambayar kansa tukuna, in an ba shi guduma aka ce uwarka tana nan muddin ba ka buga ba, zai buga? Tsoro ne ya cika shi, da wani farin ciki mai ban kunya, su biyun suna zaune a cikinsa ba mai korar wani.

Munawwara ta daina yi masa magana sai ta dole. Tana juya tsohuwa, tana goge mata jiki, tana fita bayan rumbu ta yi kukanta ta dawo.

Ana haka sai ga Malam Choji a kan babur. Ma'aikacin ofishin da ke kula da gine-ginen tarihi ne, mutumin Jos, yakan zagayo lokaci-lokaci ya duba gidan. Ya daɗe a Potiskum, Hausarsa ta nuna, sai dai harshen garinsu yana leƙowa. Tun daga zaure ya shinshina ya ɓata fuska. Ya shafa bango ya dubi tafinsa. Bai tambayi kowa ba ya zagaya gabas, ya ga farin siminti a jikin jan dutse, ya dafe kai.

"Haba, Malam Babagana! Kai da kake magini? Hancin gidan ka toshe." Ya ja shi ya nuna masa. "Dubi, ɗorawar can tana yi wa wannan bangon inuwa. Iska mai sanyi ta nan take shiga, ta bi daɓe, ta kwashi danshi, ta hau, ta fita ta ƙananan hudojin can ƙarƙashin baka. Kakanka ya san abin da ya yi. Ka bar shi haka, danshi zai cinye ƙasar da ke riƙe da duwatsun, wata damina bakan nan ya sauko muku a ka."

"Uwata ce ba lafiya. Iskar tana sa ta tari."

Choji ya leƙa ɗaki, ya gaida tsohuwa, ba ta amsa ba. Ya ga idanun nan a buɗe, ya ga hayaƙin da yake tsaye, ya fito da baya-baya yana gyara wuyan riga. Muryarsa ta sauka.

"Allah ya ba ta lafiya. Ba zan kai magana ofis ba. In hali ya yi, ka fasa." Ya hau babur, ya ɗora ƙafa zai tayar, sai ya dakata. "Abu ɗaya ne ban taɓa ganewa ba. Bakin kafar nan ta ciki ya yi sumul, ya lotsa, kamar dutsen niƙa. Na sha dubawa. Iska dai ba ta cin dutse haka."

Sai Babagana ya tuna. Yana ƙarami an kawo shi gaida kakarsa a ɗakin nan, tana kwance a wannan wurin, hannunta a cikin kafar har wuyan hannu.

Bayan tafiyar Choji ya yi sallar Azahar a zaure, ya shiga ya zauna kusa da katifa. Sai ya ji an kira shi, da wata murya busasshiya kamar kara.

"Mai sunan Baba."

Rabon da ta yi magana tun ranar da ya toshe kafar. Ya matso da sauri. "Na'am, Inna. Me kike so? A dama kunu?"

"Na gaji."

"Za ki warke, Inna. Ba ga shi tarin ya tafi ba?"

"Tari ya tafi, ni ban tafi ba." Ta ja numfashi, ya jira, ya jira. "Suna nan bayan bango. Baba, da uwata, da yayyena. Kullum rana tsaka sai sun zo. Suna tsaye a rana, ba su da inda za su miƙo hannu. Baba bai manta rami ba, yaro. Ya ce gidan da ya yi wa bango irin wannan, dole a bar wa mai fita hanya."

"Inna, ajali na Allah ne. Rami ba ya kashe mutum."

"Na Allah ne. To kai wa ya aike ka ka tsaya a hanya?"

Ta zaro hannunta na dama daga ƙarƙashin zane ta ɗora masa a gwiwa. Faratan sun ƙare, kan yatsun duk ya sale, ja-jawur, ba jini. Ya ɗaga ido ya dubi filastarsa mai santsi, sai ga layuka sirara birjik, sama da ƙasa. Ashe ba ɓera ba ne. Yana zaure yana jin uwarsa tana ƙwaƙular siminti, yana tsine wa ɓeraye.

Babagana ya kifa kai a katifa ya yi kuka irin wanda bai yi ba tun yana yaro. Ya ce ta yafe masa. Ta ce ta yafe, duniya da lahira, kuma ta san so ne. Ta ce ya riƙe Munawwara da kyau, 'yar mutane ta yi mata abin da 'yar cikinta za ta yi. Ta ce Bilkisu kada a cire ta daga makaranta. Sannan ta ce, "Ta waje za ka fasa, kada ka watsa min ƙura. Kira min matarka ta zauna."

Munawwara ta shigo ta zauna a wajen kai, ta fara laƙƙana mata kalmar shahada. Shi kuma ya ɗauki guduma da cizal ya fita. Ruwa ya ɗauke tun safe, rana ta take, gona ta yi tsit, ko tsuntsu ba ya kuka. Ya zagaya ƙarƙashin ɗorawa ya durƙusa a gindin bangon gabas.

Nan ma layuka ne a jikin simintin. Na nan sun fi na ciki yawa, sun fi zurfi, wasu manya, wasu ƙanana kamar na yara. Bai waiwaya ba. Ya ji a bayansa kamar yadda mutum yake ji in sahu ya cika a masallaci, ya ce, "Salamu alaikum," a hankali, ya kafa cizal.

Simintin Babagana ne, ba ya fasuwa da wasa. Duk ƙwarewar da yake taƙama da ita a Dogo Tebo yau ita ta tsaya masa. Ya buga, ya buga, gumi da hawaye suna haɗuwa a haɓarsa, ɓarɓashi na tsalle yana sarar masa fuska. Sau da yawa hannunsa ya tsaya da kansa, sai ya ji muryar Munawwara ta cikin bango tana maimaita kalmar, ya sake ɗaga guduma. Ya cire shafi na biyu, ya cire na farko, ya zaƙulo tsakuwa ɗaya bayan ɗaya. Da ya rage ɓawon ciki kawai, ya ajiye guduma don kada ya faɗa mata a ka. Ya kwanta rub da ciki, ya zura hannu har kafaɗa, ya tura a hankali. Ɓawon ya ɓalle.

Sai ya ji yatsu sun kama nasa. Ya san su. Su suka yi masa wanka, su suka ja masa kunne. Da ɗuminsu, suka matse shi da ƙarfin da bai zaci ya rage mata ba. Ya riƙe, ya ce a ransa ba zai saki ba ko me za a yi.

Wata iska mai sanyi ta bi ta kan hannunsa. Duk tsawon rayuwarsa iskar kafar nan ciki take shiga, wannan kuwa fitowa ta yi. Ta bi damtsensa, ta shafi kumatunsa, ta wuce. A bayansa ganyen gero ya yi motsi, layi guda, ya nufi gabas, alhali ko reshen ɗorawa bai kaɗa ba. Yatsun da ke cikin nasa suka saki. Can sama, ta hudojin ƙarƙashin baka, hayaƙin turare ya fara fitowa.

Yana nan kwance, kumatu a ƙasa, hannu a cikin bango, ya ji takun Munawwara ta zagayo. Ta tsaya a kansa, mayafi a baki, ta kasa farawa.

"Baban Bilkisu..."

"Na sani," ya ce. "Ta nan ta wuce."